Tambayar da Na Rubuta da Jan Bik

Shekarun baya, lokacin da nake koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, ta ƙauye tsakanin Dungas da Dogo-Dogo, na tafka wata wauta da har yau ba ta sake ni ba. Ku da kuke bibiyata a nan kun saba ganina ina ba mutane shawara kamar wanda ya haɗiye hankalin duniya. To yau ku gyara zama ku ji yadda mai shawarar ya yi da nasa gidan.

A lokacin shekararmu goma sha ɗaya da aure ni da maiɗakina, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Mace ce mai fara'a, mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma duk gidan da aka yi haihuwa a garin ita ce kan gaba wajen dafa ruwan wankan jego da dakan yaji. In ta dawo sai ta shiga ɗaki ta turo ƙofa, ni kuma in yi kamar ban san abin da take yi a ciki ba. Babu irin rubutun da ba ta sha ba, babu saiwa ko sassaƙen da ba a jiƙa mata ba. Mahaifiyata, wadda ke zaune tare da mu, ta kai ta wajen masu magani har ƙetaren iyaka. Ni kuwa ko sau ɗaya ba wanda ya ce in kurɓi wani abu, ban kuma taɓa tambayar dalili ba. A wajenmu in ba a haihu ba, mace ake kallo.

Wata ungozoma ce ta gidan likita a Magariya, irin waɗanda muke ce wa sajfam, ta duba ta ta ce mata, "Ni ban ga komai a jikinki ba. Ki zo da maigidanki ku tafi Damagaram a auna ku ku biyu." Da ta faɗa mini sai na kwashe da dariya, na ce ni me za a auna a jikina, mutumin da ke nome gona biyu bayan ya tashi daga aji? Wata shida tana lallaɓa ni kafin in yarda, shi ma don ta daina damuna da maganar ne.

Muka tafi a wani ɗan hutun lakwal. Aka ba ni 'yar kwalba aka nuna mini wani ɗaki. Ba zan yi muku bayanin sauran ba, ya ishe ku ku sani na fito ina kallon ƙasa kamar wanda aka kama a rumbun maƙwabci. Bayan kwana biyu muka koma karɓar sakamako. Likitan dattijo ne, bai tsaya kewaye-kewaye ba. Ya ce matsalar a wajena take, ƙwayoyin da ke cikin maniyyina kaɗan ne, kuma ba su da ƙarfin isa inda ya kamata su isa. Amma ya ce akwai dabara. Za a ɗauki nawa a tace, a ware masu ƙarfin, a sa mata a mahaifa a ranar da ta dace. A Yamai, babban birninmu, ake yi, ko mu tsallaka Kano. Bai yi mana alkawarin komai ba, ya dai ce ya ga irinmu da suka dace. Sannan ya juya ga maiɗakina ya ce, "Ke ce lokaci yake ƙure wa. Ƙwayayenki sun fara ja baya tun shekarunki ba su kai ba. Kada ku wuce shekara biyu."

A mota muna dawowa ina ta jiran ta ce wani abu kan shekarun da ta yi tana shan ɗaci a madadina. Ba ta ce ba. Sai da muka yi nisa ta matso ta ce a hankali, "Mushe, ashe abin yana da magani." Haka take kirana, Mushe, yadda yaran lakwal da iyayensu ke kiran malaminsu. Ban taɓa ganin fuskarta ta yi haske irin na ranar ba. Muka yanke cewa da azumi ya wuce, aka ba da babban hutu, sai Yamai, kuma ba wanda zai sani.

Sai wasi-wasi ya kama ni. Shekarar ta zaɓe ce, ana kuma ta ce-ce-ku-ce kan wata doka da aka ce za a kawo game da mata da haihuwa. Ba wanda ya ga takardar dokar a garinmu, ni ma da nake taƙama da boko ban gan ta ba, amma kowa ya san abin da ke cikinta. A kasuwar Guci, a tasha, a gindin kowace bishiya, zancen ɗaya ne: Turawa suna so su ƙayyade mana haihuwa, likitoci kuma 'yan aikensu ne. 'Yan takara suka gano inda ƙuri'a take, kowa yana rantsuwa ya fi ɗan'uwansa ƙin dokar. A cikin wannan hayaniya na fara tambayar kaina, anya abin da za mu yi ya halatta kuwa?

Maiɗakina ta ce, "To ka je zauren Malam ka tambaye shi ku biyu mana. Ko ka bari in mun je Yamai ka tambayi malaman can, inda ba a san mu ba." Shawara ce mai kyau. Amma ni ina jin nauyin in zauna gaban limaminmu yana kallon idona in faɗi wannan magana da bakina, kuma ba ni da haƙurin jira. Sai na ɓullo da dabarata ta masu ilimi.

A garin, in azumi ya kama, liman yana tafsiri bayan la'asar a ƙofar masallacin Juma'a. Maza a kan tabarmi, mata a bayan zana, lasifika a maƙale a bishiya tana kai magana har bakin rijiya. In an kusa tashi sai a zagaya da ƙwarya, duk mai tambayar da yake jin kunyar yi a fili ya rubuta a 'yar takarda ya jefa, ba suna. Mai jan baƙi, wato wanda ke karanta wa Malam ayoyi, shi ke ɗauko su ɗaya-ɗaya yana karantawa, Malam yana ba da amsa. Na ce to ga hanya ta samu.

Ranar ina zaune a aji ina duba aikin yara, sai na yago takarda daga wani kaye, littafin rubutun yara, na rubuta tambayar da abin da ke hannuna. Abin da ke hannuna kuwa jan bik ne, wato jan biro, wanda muke sa maki da shi. Duk garin ba mai riƙe jan bik sai malaman lakwal, mu uku: ɗaya bai yi aure ba, ɗaya 'ya'yansa bakwai, sai ni. Wannan ko a raina ban kawo ba. Hankalina yana kan yadda zan tsara maganar don kada ta taɓa ni, shi ya sa na fara da cewa, "Wani bawan Allah ne matarsa ba ta haihuwa." Ina rubutawa na san ƙarya nake yi. Na ce wa kaina ai ba wanda zai san ko wane ne, to mene ne a ciki.

Mai jan baƙin da muka saba da shi yana karanta boko da ajami duka, a kansa na dogara. Ranar ashe ya tafi ta'aziyya wani ƙauye, aka sa wani dattijo a madadinsa wanda ajami kaɗai ya sani. Ga kuma wani ɗan takarar depite, mai neman kujerar majalisa, ya zo, wanda shi ya saya wa masallacin sabuwar lasifika, an ajiye masa kujera kusa da Malam, jama'a sun cika fiye da kullum. Ban lura da canjin mai karatun ba sai da na riga na jefa takardata a ƙwarya.

Dattijon ya karanta tambaya biyu ko uku, ta wanda ya sha ruwa da mantuwa, ta zakkar gero. Sai ya warware tawa, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ɗaga ta kowa yana gani. Ya ce, "Wannan da boko aka yi ta, da jan alƙalami irin na 'yan lakwal. Ina Mushe? Taso ka karanta mana."

Na tashi na ratsa mutane, na karɓi takardar da na rubuta da hannuna, aka miƙo mini abin magana. Na fara karantawa. Da na kai tsakiya sai na ɗago kai na ƙarasa ba tare da na duba takardar ba, don na riga na haddace ta. Na ga mutane suna kallon takardar, suna kallon jan bik ɗin da ke maƙale a aljihun rigata, sannan su sunkuyar da kai.

Limaminmu ba mugun mutum ba ne, ina so ku riƙe wannan. Ya sha yi wa maiɗakina rubutu bai karɓi ko sadaka ba. Amma bai taɓa leƙa inda ake wannan aiki ba, abin da ya ji a gari shi ya sani. Ya yi gyaran murya ya ce, "Wannan ba aikinmu ba ne. Can kwalabe ne jere, na wane da na wane, wa ya tsaya ya ga wanne aka zuba wa wace? Ɗan da aka samu ta haka ba a san ubansa ba. Ni dai ba zan raɗa masa suna ba, kuma ba shi da gado. Mai tambaya ya yi haƙuri da abin da Allah ya hukunta wa matarsa, ya ci gaba da addu'a."

Ɗan takara ya ga dama ta samu. Ya miƙe ya karɓi abin magana daga hannuna ya ce, "Jama'a kun ji ko? Har cikin garinku an fara shigo da shi. Da fari su hana mu haihuwa, yanzu kuma su haɗa mana 'ya'ya a kwalba. In kun tura ni majalisa, wallahi ba a ƙasar nan ba!" Aka ɗauki kabbara. Ni ma ina tsaye a gabansu da takarda a hannu, bakina ya motsa tare da nasu.

Maiɗakina tana bayan zana, ta ji komai da muryata. Da aka kira magariba ta ajiye mini kunu da ƙosai kamar kullum, ta zauna a gefe ba ta taɓa nata ba. Can sai ta ce, "Matarsa ba ta haihuwa." Haka kawai ta maimaita, ba da faɗa ba. Na fara kame-kame, ta ɗaga mini hannu.

"Bar shi, Mushe. Shekara goma sha ɗaya ana faɗa, yau ka faɗa a lasifika, ba sabon abu ba ne. Na yafe. Abu ɗaya nake roƙonka, mu tafi yadda muka shirya. Su faɗi abin da za su faɗa, ni zan goya abina."

Na ce to. Wallahi a lokacin har cikin raina na ce to.

Kwana uku tsakani sai ga surukina daga ƙauyensu na wajen Guci, a bayan moto, wato babur, da azumi a bakinsa, rana tsaka. Ya ƙi shiga cikin gida, a zaure ya tsaya. Ya ce, "Malam, 'yata kai na ba, ban ba likita ba. In ka gaji da ita ka maido mini abata da mutuncinta." Na durƙusa na ce, "Baba, wallahi tambaya ce kawai na yi." Bayan tafiyarsa mahaifiyata ta sa ni gaba tana kuka, tana cewa in rufa mata asiri kada in kawo mata jikan da za a riƙa nuna ta da baki saboda shi. Ban gaya wa ko ɗayansu abin da likita ya ce game da ni ba. Magana ɗaya ce da na furta da ta sauke wa maiɗakina rabin kayan da ke kanta, na riƙe abata.

Gari kuwa ya sa mana ido. In aka gan mu tare a tasha sai wani ya ce, "Mushe, sai ina? Yamai?" a yi dariya, ni ma in taya su. Wasu gidajen suka daina aiko wa maiɗakina in an yi haihuwa. Ɗan takarar ya ci zaɓe, ba a jima ba muka ji an kai ƙarar ungozomar nan cewa tana tura mata inda bai dace ba, aka ɗauke ta daga Magariya. Dokar da aka yi ta rantsuwa a kanta ban sake jin labarinta ba.

Babban hutu ya zo na ce mu bari magana ta lafa. Shekara ta zagayo na ce ga aikin gona, ga Inna ba ta jin daɗi. Na riƙa gaya wa kaina cewa yaron nake tausaya wa, yaron da zai shigo filin lakwal ana kiransa ɗan kwalba, wanda za a yanka masa rago ba liman a wurin. Gaskiyar ita ce kaina nake jin wa tsoro. In muka tafi muka dawo da ciki, ni za a kalla, kuma wata rana sai an tambayi dalilin da ya sa aka tace nawa.

Ƙarshen shekara ta biyu ta ce, "Mushe, wa'adin likita ya cika fa." Na ce baɗi in Allah ya kai mu. A ta uku ta sake tunawa da ni, na ce na nemi a canja mini wurin aiki, da mun bar garin sai mu tafi. A ta huɗu ba ta ce komai ba, ni kuma, Allah ya yafe mini, sai na ji sauƙi. Mutane har yaba mini suke yi, wai Mushe mutumin kirki ne, ya riƙe juya bai kore ta ba. Na riƙa karɓar yabon ina sunkuyar da kai kamar na gaske.

Sai bayan shekara takwas aka canja mini wurin aiki zuwa Magariya. Wata ranar Asabar da hantsi ina zaune wajen mai gyaran moto, rediyonsa a kunne, ana shirin amsa tambayoyin addini. Wata mata ta bugo waya ta yi tambayata sak, ita da bakinta, ba ko rawar murya. Malamin, wanda babba ne da ake ji da shi, ya ce in dai na mijin ne, aka sa wa matarsa, aure yana nan, likitocin kuma amintattu ne, to babu laifi, neman magani ne kamar kowane. Ɗan nasu ne, da sunansa da gadonsa. Ya ƙara da cewa malamai sun daɗe da yin bayani a kan wannan.

Na bar moto a wurin na kama hanyar gida da ƙafa, ƙato da furfura ina haɗawa da gudu. Na same ta a tsakar gida tana matsar mai. Na tsaya a kanta ina haki ina zuba mata labari, ya halatta, ashe tuntuni ya halatta, ta shirya kaya mu tafi ko gobe ne. Ba ta ɗago ba, hannunta yana cikin tunkuza.

Ta ce, "Mushe, azumi nawa na sha bana?"

Na ce ban sani ba.

"Ban sha ko ɗaya ba. Bara ma haka. Cif na yi su, har kana yaba mini a gaban Inna, kana cewa na fi ka ƙoƙari. Al'ada ta ɗauke mini tun bara waccan."

Ɗaki ɗaya muke kwana da matar nan, ban sani ba. Na zauna a kan turmi, ita kuma ta ci gaba da aikinta. Duk da haka na nace sai mun koma Damagaram, ta bi ni don kada ta saɓa mini. Tsohon likitan ya bar aiki, wata matashiya muka tarar. Ta duba maiɗakina, ta karanta tsohuwar takardarmu, ta dubi kwanan watan da ke jiki, ta dube mu ta ce, "Ina kuka tsaya?"

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifin. Liman ya rasu, na je jana'izarsa, kuma na yi imani abin da ya sani ya faɗa. Depiten ya gama wa'adinsa ya koma kasuwancinsa, na tabbata ko a hanya muka haɗu ba zai tuna ya taɓa karɓar abin magana daga hannuna ba. A wajensa magana ce ta yamma ɗaya, ya faɗa aka yi masa kabbara ya shiga mota. Su duka sun sa hannu wajen rufe ƙofar, amma ba da kwaɗo suka rufe ta ba. Mota tana tashi zuwa Damagaram kullum safiya, daga can wata tana tashi zuwa Yamai. Ni ne ban shiga ba.

Ba ni da wani darasi mai daɗi da zan ba ku. In na ce muku komai ya wuce na yi ƙarya. Muna nan tare, muna gaisawa da safe, tana tambayata ko na sha maganin hawan jinina, amma akwai wani shiru a gidanmu da ba abin da ke cike shi. Na koyar da 'ya'yan mutane sama da shekara talatin, wasu sun haihu sun kawo mini nasu. In na dawo gida ba takalmin kowa a ƙofar ɗaki sai nata. Abin da ya fi ci mini rai shi ne jikinta ne, shekarunta ne, kuma kowa ya faɗi albarkacin bakinsa a kai, da liman da ɗan siyasa da ubanta da uwata da ni, ita kaɗai ce ta faɗi nata ba a ɗauka ba.

Shekaranjiya na ce mata zan rubuta labarin nan, zan faɗa wa duniya cewa matsalar tawa ce tun farko, ita lafiyarta ƙalau. Na ɗauka za ta ji sanyi a ranta. Ta dube ni ta yi ɗan murmushi irin wanda ake yi wa yaron da ya kawo ruwa bayan an gama cin tuwo.

Ta ce, "Rubuta mana, Mushe. Amma ko duk duniya ta karanta, ba mai shigowa gidan nan ya ce mini Inna."